Rabon Mai Gona

Maƙwabcina ya shiga filina da bindiga, a tsakiyar garin Dakoro, da rana kata, ya halbe mani zabi huɗu, ya aiko mani da cinya guda a cikin kwano, ni kuma na ci. Abin da aka yi mani ke nan. Na sa shi a gaba ne don na gaji. Duk wanda na ɗauko ma labarin daga tushe, da na kawo wajen cinyar sai ya fashe da dariya, daga nan kuma ba ya ƙara jin komi. To, mai dariya ya yi tun yanzu ya gama, sa'annan ya saurara.

Filin nan gonar ubana ce. Muna yara, in za mu je ta sai mun rataya gorar ruwa, don daji ne sosai: zomo, kurege, zabin daji garke-garke, wani lokaci har barewa ta ratso ta cinye mana wake. Gari ya yi ta rarrafowa, yau wani ya kafa bukka, gobe wani ya buga tubali, har muka wayi gari gonar na cikin unguwa. Da aka zo lotisma aka yanka ta gunduwa-gunduwa, aka fitar da tituna, aka kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, aka ba mu rabonmu da takarda. Ƴan'uwana suka sayar da nasu tun simintin bai bushe ba. Ni na riƙe nawa, na haɗa da na ƙanwata da ke aure a Birnin Lalle, na ja wayar giriyaji ta wajen titi, sauran na kewaye da ƙaya. Yau gabas da filin lakwal ce, makarantar yara ƙanana, katangarta ita ce iyakata. Yamma injin niƙa ne. A bakin titi ga famfo, mata na layi da bokitai tun safe. Wannan shi ne dajin da mutumin ya shiga farauta.

Ni ban yi nisa a lakwal ba. Na faɗi jarrabawar sartifika, ubana ya ce hauya ba ta tambayar takarda. Ina karatu, ina rubutu, faransanci kuma in an yi shi sannu ina tsintar na tsinta. Na yi shekaru ina bida a arewa, ina ɗaukar buhunan siminti a ƙasar mutane, har bayana ya ce ya isa. Na dawo gida ba na iya ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Noman kirki ba ya yiwuwa, dako ba ya yiwuwa. Sai zabi.

Wanda bai yi kiwon zabi ba gani yake banza ce, ka watsa masu tsaki su girma. Ɗan zabuwa kuwa ya fi jariri raki. Raɓa ta taɓa shi ya mutu, ya sha ruwa mai sanyi ya mutu, wani lokaci ma haka kawai zai dube ka ya mutu. Na gida da na fara saye a kasuwa, damina ke share mani su. Sai wani Bafillace abokina da ke kiwo wajen Korahane ya ce in gwada ƙwan na daji, sun fi ƙarfin jini. Ya riƙa kawo mani in ya ci karo da su cikin ciyawa, ina sa ma kaji suna kwanci. Na kifa tsofaffin tukwane da kashin shanu da kara a gindin aduwa don gara ta taru, kullum da safe in kwashe in ba su. Da hannuna na yanke ma kowane farcen ƙafar hagu tun yana ɗan tsako, shaidata ke nan, duk unguwa an san ta. A haka na tara garke. Ba su kwana a akurki, bisa gawon da ke tsakiyar filin suke hawa, kuma ba su yarda da kowa ba sai ni. In na tsaya na buga gwangwani sai su sauko. Da ƙwansu na damina, da waɗanda nake kaiwa kasuwa da rani, da su nake ciyar da gidana. Ba ni da wani abu bayansu.

Shi kuwa maƙwabcin nawa sa'ana ne, ɗaki guda aka yi mana kaciya. Ubanshi shi ne babban mahalbin wajenmu, mahalbi na gaske, wanda zai yi kwana da kwanaki a daji ya dawo da nama a kafaɗa. Tsakaninshi da ubana akwai al'ada, kuma ba su kaɗai ba, haka kowa ke yi. In an gama girbi an saki gonaki, mahalbi na iya shiga gonar kowa. In ya kashe wani abu a cikinta, sai ya cire cinya ya aika gidan mai ita. Rabon mai gona ake ce mata. Mai gona in ya karɓa ya ci, to ya yarda, gonarshi a buɗe take ga wannan mahalbin har ruwa ya sauka. In ba ya so, sai ya mayar da kwanon a rufe yadda ya zo, ba faɗa ba zagi, mahalbi ya gane ya sake hanya. Ubana bai taɓa mayarwa ba. Me zai sa? Zomon da ke cinye mashi wake ne ake kawo mashi a kwano.

Tsohon ya rasu, ɗan ya gaji bindiga da rigar layu. Sauran bai gada ba. Kayan moto, wato babur, yake sayarwa a kasuwa, ya ajiye tumbi, in ya hau tudu sai ya tsaya ya huta. Amma duk shekara in an saki gonaki sai abin ya motsa mashi, ya ciro bindigar daga bayan gado ya shafe ta da mai, ya yi ta yawo a bayan gari yana tsoratar da kurciyoyi.

Ranar da abin ya faru na tafi kasuwar Kornaka. Na dawo da yamma a bayan mota, jikina duk ya yi tsami, ko abin kirki ban sa ma cikina ba tun safe. Mai ɗakina ta ajiye mani tuwo da miyar kuka, ga cinya a sama tana ƙyalli. Ban tambaya ba. Wane mai yunwa ke tambayar nama daga ina? Na cinye, na tauna ƙashin, har na ce mata yau kam miya ta yi miya.

"Ai sai ka gode ma maƙwabcinka," in ji ta. "Matarshi ta kawo ɗazu, ta ce an ce a ba mai gona rabonshi."

"Wane mai gona?"

"Kai mana, Malam."

"Ke, ina ni ina gona? Wace gona gare ni da za a halbi abu cikinta?"

Na dubi ƙashin da na tauna. Can sai ta ce da hantsi ta ji ƙara, ta ɗauka taya ce ta fashe wajen mai kolaji, mai facin taya. Na ce kwanon fa? Ta ce ta mayar. Na ce a rufe? Ta ce haba, yaya za a mayar da kwanon mutane wofi, ai ta zuba masu ƙuli-ƙuli.

Ƙuli-ƙuli. Har da tukwici muka ba shi.

Ban wanke hannu ba na fita. Na iske an janye ƙayar ta wajen injin niƙa, gashin zabi ya watsu a gindin gawo kamar bayan gidan biki, ga jini ya bushe a ƙasa. Na buga gwangwani, na buga, ba wadda ta sauko. Wasu na bisa rufin lakwal, wasu sun tsallake titi sun hau itacen bedi a gidan mutane, suna ta kuka wuya a miƙe. Mai injin niƙa ya leƙo, fuskarshi fari fat da gari, ya ce shi ya ɗauka ni na sa a rage mani su. Ya ce da aka buga ta farko mata suka zubar da bokitai suka watse, mushen lakwal ya fito da alli a hannu yana tambaya ko lafiya. Mutumin kuwa ya rataye zabin a kafaɗa, ya bi titi yana gaisawa da jama'a.

Da safe na same shi a rumfarshi a kasuwa, yana zaune bisa benci tsakanin tayoyi, suna shan shayi da abokanshi. Tun daga nesa ya washe baki.

"A'a, mai gona! Saƙo ya iso? Yaya ka ji ta? Kitse gare ta, wallahi, kamar an turke ta."

"An turke ta mana. Ni na turke ta."

"Kai dai ba ka rabo da wasa."

"Zabina ne ka halbe."

"Naka? Haba ɗan'uwa. Ni za ka gwada ma zabuwa? Cikin jakar ubana na buɗe ido na gan ta. Na gida ƙahwarsu ja-ja ce, sannu suke tahiya kamar matan Alhaji. Waɗannan ƙahwa baƙa, bisa icce suke kwana, sun hangi mutum sun tashi. Na daji ne, ko gaban alƙali."

"Ba ka ga farce a yanke ba da ana figa?"

"Mata sunka fige. Ƙahwahun kuma yara sun gasa sun cinye."

Abokan suka kwashe da dariya. Na ce mashi ko na daji ne, ai filina ne, da giriyaji da duwatsu da takarda. Ya ce shi bai san takarda ba, gonar baba ya sani, inda ubanshi ya yi halbi tun ba a haife mu ba, kuma an saki gonaki, an yi shela kowa ya ji. Sa'annan ya ajiye kofin ya dube ni.

"Tsaya. Ka ci ko ba ka ci ba?"

Na ce sa'ad da na ci ban san ko mene ne ba.

"Ban tambaye ka sani ba. Ka ci?"

"Na ci."

"Har ƙuli-ƙuli munka samu, Allah ya saka ma uwargida. To magana ta ƙare. Sauran ma na gan su da yawa, in na samu sarari zan leƙo. Kada ka damu, rabonka ba ya ɓata."

Abin da ya fi ƙona mani rai, ba zolaya yake ba. Da ɓarawo ne, da na san yadda zan yi da shi, in yi ihu unguwa ta fito. Wannan kuwa a ranshi abin kirki ya yi, ya raya zumuncin iyaye, har godiya yake jira. Yaya za ka yi faɗa da mutumin da ke ganin alheri ya yi maka?

Na wuce gidan mai unguwa. Tsoho ne ƙwarai, ya san ubana ya san uban maƙwabcin nawa. Na iske shi bisa tabarma a inuwar zaure, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana mashi komi. Yana ja mani carbi yana gyaɗa kai har na gama.

"Ɗana, bana ka shuka wani abu a wurin?"

"Ɗan hatsi da wake, Baba, saboda zabin."

"To gona ce."

"Baba, bara kai da kanka ka aiko a ce mani in bar shuka hatsi a wurin, wai meri, hukumar magajin gari, ba ta son doguwar shuka cikin gari saboda sauro."

"An yi haka."

"To gari ne ko gona?"

"Ga meri gari ne. Ga mahalbi gona ce."

"Gare ni fa?"

"Kai ka ci cinya."

Ya ce da na maido kwano a rufe, da yanzu ya aika an kira mashi mutumin ya wanke shi tas a gabana. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski. In yi haƙuri har ruwa ya sauka, baɗi in ya sake aikowa in mayar, shi ke nan an rabu lafiya. Na ce Baba, kafin ruwa ya sauka ko gashi ba zai rage a filin ba. Ya ce to in kulle su mana. Na ce zabi ne, ba tumaki ba, in ka kulle irin waɗannan sai su bar ci, su yi ta dukan kansu da bango har su mutu. Ya ce iyayenmu sun zauna lafiya shekara da shekaru, kada a ce a kanmu ta ɓaci saboda tsuntsu. Tsuntsu, haka ya ce. Shi yana da ƴaƴa manya da ke aiko mashi, ni tsuntsun ne ɗana babba.

Don kada in ce bai yi komi ba, ya ce zai kira shi ya roƙe shi. Ya kuma kira shi ɗin. Bayan nan aka aiko mani da albishir: mutumin ya ga girman mai unguwa, ya yi alkawari ba zai ƙara halbi ba lokacin da yara ke cikin aji.

Daga nan na ce bari in gwada doka, tun da an ce gari ne. Na sa rigata ta Juma'a na tafi ofishin ma'aikatan gandun daji. Na samu wani saurayi cikin kaki, daga jin hausarshi ba ɗan wajenmu ba ne. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mani ruwa, ya saurare ni bai yi dariya ba ko da na kawo wajen cinyar. Wannan kaɗai ya sa na ji ina sonshi.

"Malam," in ji shi, "farauta sai da permi, wato takardar izni, kuma tana da lokacinta. Ko mai permi ba shi da ikon buga bindiga a cikin gari, ko da filin nashi ne na kanshi, balle na wani. Maganar cinya kuwa, doka ba ta san ta ba. Ko sa guda ka ci, bai ba shi izni ba."

Na ce a raina, ashe dai akwai inda ake jin magana a ƙasar nan. Ya jawo takarda, ya cire murfin biro.

"Zabin na gida ne ko na daji?"

"Na gida ne. Nawa ne, ni na kiwata."

"To in na gida ne ba farauta ba ce, ɓarnar dukiya ce. Ba wajenmu ba ne, komisariya za ka, wajen ƴan sanda."

Na ga ƙofar da ta buɗe tana shirin rufewa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai asalinsu na daji ne, ƙwai ake kawo mani daga daji ina sa ma kaji, shi ya sa ma mutumin ke cewa na daji ne. Saurayin ya mayar da murfin biro. Ya dubi ƙofa, ya dube ni.

"Malam, wannan da ka faɗa yanzu ban ji ba. Ɗibar ƙwan abin daji laifi ne, riƙe su a gida ba takarda shi ma haka. In na rubuta, ku biyu zan rubuta, da mai kawo ƙwan ku uku."

To ka ji. In na ce na gida ne, ba ruwansu. In na ce na daji ne, da ni za a fara. Shekaru ina tono gara ina yanke farce, ashe ban san ko mene ne nake kiwo ba.

Har na miƙe ya ce in zauna, ya tambaye ni bindigar tana da takarda? Na ce gado ce, ta girme shi ta girme ni, wace takarda? Ya ce to in sani, duk ƙofar da na shiga da wannan magana, ba a kan zabi za a tsaya ba, bindigar za a fara tambaya. Kuma a irin lokacin da muke ciki na rashin tsaro, bindiga marar takarda ba abin tara ba ne a biya a tafi gida. Ya ce in ka buɗe wannan ƙofar, Malam, ba kai ke rufe ta ba, ko ka dawo ka ce ka yafe.

Na fito na bi titi har gaban komisariya. Na tsaya a tsallaken hanya wajen wata mai ƙosai, ina kallon masu shiga da fita. Na daɗe a nan har matar ta tambaye ni ko saye zan yi. Uwar mutumin tana da rai, ta makance, tana kwance a ɗakin baya. Ta goya ni lokacin da uwata ke jinya, har yau in ta ji muryata da sunan yarinta take kirana. Shi ke sayo mata magani. Ni ba na son a kai shi gidan kaso. So nake ya fita daga filina, iyakarta ke nan. Amma wannan ba mai shi a garin nan. Al'ada ta ce in zuba ido ya cinye ni har damina, doka ta ce in sa a ɗaure shi. Abin da ke tsakani, na kewaye gari ban samu ba. Na sayi ƙosan da ba na so na koma gida.

Kafin nan labari ya gama unguwa. A masallaci ana ce mani mai gona. Mahauci in na wuce sai ya ɗaga cinyar akuya ya ce ko in taɓa, wannan kam ba tawa ba ce. Mai ɗakina ta daina zuwa famfo da safe, don mata na tambayarta ko akwai sauran ƙuli-ƙuli. Ban yi mata faɗa ba, me ta yi? Abin da uwarta ta koya mata ta yi. Amma ta bi ta tsargu, in ta ajiye mani abinci sai ta tsaya ta faɗa mani abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya da inda ta samo shi, har gishiri. Wannan ma wani ciwon ne.

Na toshe inda ya shiga, na ɗaure da waya na ƙara ƙaya. Na daina zuwa kasuwanni, na tare a filin tun daga sallar asuba har rana ta yi zafi, kamar mai gadin gonar wani. Zabin suka dawo sannu-sannu, ba duka ba. Wasu sun bi gari, ban san cikin tukunyar wa suka ƙare ba. Waɗanda suka dawo kuma ko moto ya yi tari a titi sai su tashi gaba ɗaya, in yi ta bin su da gwangwani gida-gida ina ba mutane haƙuri. Na san in aka ƙara buga bindiga sau ɗaya a gindin gawon nan, ba za su sake kwana a kanshi ba, garken ya watse ke nan.

Wata Lahadi da safe ina gindin aduwa ina juya tukwanen gara, sai na ji motsin waya. Na waiga. Ga shi a durƙushe yana kwance ɗaurin da na yi, bindiga a kafaɗa, rigar layun ta ƙi rufe tumbin, silifa a ƙafa.

"Salamu alaikum, mai gona! Ashe kana nan. Ka gani ko, yau ba lakwal. Ni in na yi alkawari ina cikawa."

Na dafa aduwa na miƙe, don bayana ba ya son gaggawa. Na taka har wajen, na tsaya a cikin kafar da ya buɗe, ƙirjina kusa da nashi.

"Matsa mana, ɗan'uwa, kada su ji mu su tashi."

Ban matsa ba. Na ce mashi:

"Tsaya nan inda kake ka ji. Ubanka kwana yake yana bin sawu da ƙishirwa kahin ya samu abin ratayawa. Kai ka taho daga gidanka da silifa, shayi bai huce cikin cikinka ba, ka zo halbin abin da kaza ta ƙyanƙyashe, wai kai mahalbi. Da yana da rai, da shi za ya amshe bindigar ga daga hannunka. Na je wajen ƴan gandun daji, na tsaya ƙohwar komisariya har mai ƙosai ta gaji da ni. Na san abin da za ya same ka in na shiga, kai ba ka sani ba. Bindigar ga ba ta da takarda, kuma in sunka ɗauke ka ba mai unguwar da za ya hiddo ka. Ban shiga ba saboda tsohuwa, ba saboda kai ba. Amma da zabin ga nake ciyar da gidana, kuma ba ni da bayan da zan koma dako. In ka ƙara sa ƙahwa cikin hilin ga da wannan abu, ko ka halba ko ba ka halba ba, ko da lakwal ko ba lakwal, wallahi sai na shiga, in dawo in durƙusa gaban tsohuwa in gaya mata ni na yi. Yanzu juya ka tahi. Kahin ka tahi kuma, ɗaure mani wayar ga yadda ka iske ta."